Kunne Ma Yana da Hakki

Mai neman mota mai ɗakin kwana a Amurka, gado da madafa ne ke fara ɗauke masa hankali. Ni kuwa kunne na fi tausaya wa. A manyan motocin fetur da ake ginawa kan shasin Ford F-53, injin yana gaba, tsakanin kujerun gaba biyu. Da an fara hawan tudu, hira ta ƙare. Masu dizal da injinsu ke baya, bisa jakunkunan iska, sun fi natsuwa, sai dai sun fi tsada. Ga kuma ƙarar kwanuka da ƙofofin kabad, mai gajiyar da mutum sannu a hankali. Kafin ka biya kuɗi, kashe rediyo, ka hau hanya mai gargada, ka saurara.