Mudu ɗaya, gonaki daban-daban



Duk shekara idan sakamakon WAEC da NECO ya fito, da mudu ɗaya ake auna makarantunmu na gwamnati: ɗalibai nawa suka samu kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi? Daga nan sai a yaba wa wannan, a ce waccan ta gaza.

Mu da muka taso tsakanin Magami, Tsafe da Bunguɗu mun san abin da mudun ba ya ɗauka. A 2021 an sace 'yan matan Jangebe a Fabrairu, aka sace ɗaliban Kaya a Satumba, aka rufe makarantun Zamfara. Manhajar jarrabawa kuwa ba ta ragu ba. Wasu ƙannenmu sun rubuta, aka riƙe sakamakonsu saboda bashin da ake bin jihar.

Ba mu ƙi awo ba, shi ke tona makarantar da ke barci. Amma a haɗa da ƙirga kwanakin da aji ya buɗe, da yawan malaman Lissafi. In ba haka ba, malamin da ya ƙi gudu daga ƙauye shi zai sha zargi.

Labarinsa yana jiran alƙalaminmu.