Sallar ƴan cin rani: rabi Tabotaki, rabi Abijan

Tabotaki ƙaramar hukuma ce cikin gundumar Buza, jahar Tawa. Ƙasar Adar ce, tudu mai duwatsu, sai kwari, sai wani tudun. Madawa tana kudu da ita, Keita kuwa ta wajen yamma. Wanda ya shigo ƙauyukanta cikin watan Disamba zai iske iskar hunturu tana kaɗawa, an ɗaure hatsi an zuba rumbu, shanu suna cin kara cikin gonaki. Da safe tsofaffi suna jin wuta bakin zaure. Mata suna rijiya, yara suna hanyar lakwal. Samari da magidanta kaɗan ne zai gani. Sun tafi biɗa.

Dalili ba ɓoyayye ba ne. Damana wata uku ce ko huɗu, rani ya fi ta tsawo ƙwarai. Gonar tudu ta gaji, gida kuwa ya ƙaru. A gidaje da yawa hatsin da anka girbe ba ya kai wata damana. In namiji ya tashi, an rage baki ɗaya bisa rumbu, kuma ana sa ran saƙo. Mai fadama shina iya zama ya yi albasa, kamar mutanen Galmi da na Madawa. Amma ba kowa ke da fadama ba.

Wasu suna yin Najeriya, wasu Kamaru, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Amma tun zamanin kakanni babbar hanyar Adarawa ita ce Abijan, ƙasar Kodibuwa. Tafiyar ta wuce kilomita 2,000. A shekarun 1970 da 1980 mota ake shiga zuwa Yamai, daga nan Wagadugu, sannan jirgin ƙasa har bakin teku. Can sai a nemi ƴan gari a unguwannin Ajame, Tireshbil ko Abobo. Mai gida, wanda ya daɗe, shi ke ba baƙo tabarma da ɗan jari. Aikin kuwa talla ne, da dako, da gadi, da tsire, da shayi. Akwai ma wani abinci na garin rogo da soyayyen kifi da mutanen Abijan ke kira garba, ana cewa daga sunan ƴan Nijar masu saida shi ya samo suna.

To ina Salla ta shigo? Watannin Musulunci suna ja da baya wajen kwana 11 kowace shekara. Saboda haka Salla takan zagayo ta faɗo tsakiyar ɗari, lokacin da maza ba su gida. A 1974 Sallar Layya ta zo sau biyu, farkon Janairu da ƙarshen Disamba. Ta farkon ta iske mutane bayan farin 1973, dabbobi sun mutu, rumbuna wayam. A 2006 ma sau biyu ta zo. Bisa lissafi, ƙaramar Salla za ta yi haka a 2033, kuma kafin nan azumi shina ta matsowa cikin sanyi shekara bayan shekara. Yaron da ke aji ɗaya yanzu, in ya tashi biɗa, da wuya ya sha ruwan azumi gidan ubansa.

Ana iya tambaya, mi ya hana su komowa su yi Salla su koma? Kuɗin mota ne. Abin da za a kashe zuwa da dawowa ya isa rago ko buhunan hatsi. Uwar gida da kanta, in an ba ta zaɓi, sau da yawa hatsin za ta zaɓa. Ga kuma kasuwa. Ƙarshen Disamba lokacin bukin Kirsimeti ne da sabuwar shekara a Abijan. Mutanen gari suna sayen takalma, da tufafin yara, da nama. Mai talla shikan samu cikin mako biyu abin da bai samu ba cikin wata. Bukin wasu ne, amma shi kakarsa ce.

Ranar Layya a Tabotaki ana fita idi, sahun baya bai cika ba. Gidan da mai shi ya aiko, tsoho ko liman ke yanka mishi. A feɗe rago, a banƙare shi bisa itace, a jera kewaye da wuta shina gasuwa har dare, kamar yadda aka saba a Nijar. Wanshekare a raba. Yara su sa sabon kaya su tafi barka da Salla. Gidan da ba a aiko ba, uwar gida ta rufe ƙofa da wuri, ta jira abin da maƙwabta za su miƙo. Ba ta faɗa wa kowa, amma kowa ya sani.

Can Abijan kuwa, mutum biyar ko goma ke kwana ɗaki ɗaya. Kowa ya riga ya aika kuɗin ragonsa gida. Sai su haɗa abin da ya rage su sayi ɗan nama, ko dabba ɗaya ta ɗaki duka. Ragunan da ake saidawa kasuwar Forbuwe daga Mali, Burkina da Nijar ake kawo su. Ba mamaki Ba'adare ya tsaya gaban rago irin na garinsu, ya taya, ya kasa saye. Babu hunturu irin na gida, sai zafi da gumi. Waɗanda sunka yi arewa kuwa, su nasu sanyin ya fi na Adar, suna kwana cikin ginin da ba a gama ba, bargo ɗaya mutum biyu.

Wani abin da ke haɗa su da gida shi ne kokowa. An fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Sau da yawa ƙarshen Disamba ake yin ta. Dā rediyo ake kewayewa, daga baya wayar hannu. In ɗan Tawa ya yi kaye, ɗakin ƴan cin rani sai ya ɗauki ihu, maƙwabta ba su san dalili ba.

Zama ƙasar wani ba tabbas gare shi. A Janairun 1983 Najeriya ta kori baƙi marasa takardu. A 1984, shekarar babban fari, ta rufe iyakokinta har 1986. Ranar 24 ga Disamba 1999, jajibirin Kirsimeti, cikin azumi, soja sunka kifar da gwamnatin Bediye a Abijan. An yi harbe-harbe, an fasa shaguna, iyalai a Adar sunka yi kwanaki ba labari. Yaƙi ya tashi can a 2002, rikici ya sake tashi a 2010 zuwa 2011. A 2011 ɗin nan dubban ƴan Nijar sunka gudo daga Libiya, da yawa hannu wofi. Wanda ya tara kuɗinsa duka ƙarƙashin tabarma shi ya fi kuka. Wanda ke aikawa kaɗan-kaɗan, ya iske tunkiya ko akuya tana jiransa.

Mata ba su zauna jiran saƙo kaɗai ba. Da anka buɗe aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon ƙasar Italiya, mata ne sunka fi yawa wajen ɗaukar dutse, da jera shi don tare ruwa, da dashen itace. Abinci ake biyansu da shi. Mazan suna Abijan.

Saƙo ma ya sake. Dā sai an jira mai komowa gida, a ba shi kuɗi da wasiƙa, ko kaset da anka yi magana ciki. Wasiƙar sai an kai wa wani ya karanta, asirin gida ya fita. Yanzu ana aika kuɗi ta kamfani su iso ran nan. Amma har yanzu akwai takarda, akwai lamba, akwai adadi. Matar da ta shiga ajin yaƙi da jahilci ita ke duba ko jika 20 anka aiko ko 25, ba ta jiran ɗan aike ya gaya mata.

Cikin watan Mayu ake fara ganin motoci suna sauke su da katifa, da buhu, da rediyo. A yi sharar gona, a jira ruwan shuka. Ba duka ke komowa ba. Akwai mai cewa sai baɗi, baɗi ta zama shekara uku. Gonarsa ƙanensa ke nomawa in ya samu sarari, in bai samu ba matarsa da ɗiyanta. Wata ta haƙura. Wata kuwa, in Salla ta uku ta wuce ba saƙo ba labari, sai ta ɗauki waliyyinta su tafi Buza gaban alƙali.