Na Je Kachia Ɗauko Ɗan Yayata

Da sanyin safiya na shiga mota a Sabon Tasha, hunturu ya rufe gari da hazo. Muka wuce matatar mai, muka bar Kujama da Kasuwan Magani a baya, ni kuwa ban daina juya maganar Yaya a raina ba: “Ka je ka ɗauko min shi, ko gidan mari ne a kai shi.”

Gidan mari kam ban yarda ba. Ban manta Satumbar 2019 ba, lokacin da ’yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa, da sunan gyaran tarbiyya.

Tun kafin ka sauka a Kachia ƙamshin citta ke tarbarka. Ga mata zaune suna tsaga ta da wuƙa, ga shanya ko’ina, ga samari suna dakon buhuna zuwa manyan motoci. Da citta garin ya yi suna, kuma bai gama farfaɗowa daga cutar da ta ruɓar da gonaki a 2023 ba. A cikin masu dakon na same shi. Ya rame, leɓɓansa sun bushe, amma ya saɓa buhun da ni ko motsa shi ba zan iya ba.

“Kawu, ba don maye nake sha ba,” in ji shi da muka keɓe. “Ƙarfin aiki ne.”

Na gaskata shi, abin da ya fi ci min rai ke nan. Tiramol ɗin da yake sha maganin ciwo ne. Wanda hukuma ta amince da shi bai wuce miligiram 50 ko 100 ba, shi kuwa mai 225 yake haɗiya da shayin safe. Ƙwayar ba ta ƙara wa mutum ƙarfi, ciwon take ɓoyewa har jiki ya lalace mai shi bai ji ba. Da guda ɗaya ya fara, yanzu uku ba sa kai shi azahar. Sau biyu yana faɗuwa yana fizge-fizge, abokan aikinsa suka ce iska ce.

Washegari muka juyo, bai sha komai ba. Kafin Idon hamma ta fara, sai hawaye da majina. A Kufana gumi ya jiƙa masa riga duk da sanyin nan, yana matse cinyoyinsa yana cewa ƙashinsa ake sara. Wata dattijuwa da ta ɗauko doya daga Zonkwa ta kwance mayafinta ta lulluɓe shi, ba ta tambaye mu komai ba.

La’asar sakaliya muka isa asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon allon.

“Kawu, ni ba mahaukaci ba ne.”

“Na sani, ɗana. Mara lafiya ne kai.”

Ya gyara mayafin dattijuwar a kafaɗarsa, ya riga ni shiga.