Wahaka, Birnin Masu Sassaƙa Kayan Lambu

A kudancin ƙasar Meksiko akwai wani birni mai suna Wahaka, duwatsu sun kewaye shi. Kowace shekara, ran 23 ga Disamba, kwana biyu kafin Kirsimati, dandalin tsakiyar birnin yakan cika maƙil. Abin da ke tara jama'a kuwa wata saiwa ce da ake kira radish. Ta yi kama da karas, bayanta ja, cikinta fari fat.

Mutanen Sifen ne suka kai irinta ƙasar. Da fari 'yan kasuwa ne suke sassaƙa ta domin su jawo masu cefanen Kirsimati. A shekarar 1897 magajin garin, Francisco Vasconcelos, ya mai da abin gasa. Yanzu hukumar birnin ce ke noma ta a wata gona ta musamman. Akan bar ta cikin ƙasa ta yi ta girma, har wata takan kai kilo 3. Irin wannan ba ta ci ba ce, ta sassaƙa ce. Da wuƙa da tsinke masu gasa suke fitar da siffar jariri Yesu cikin komin dabbobi, da makiyaya, da masu rawa, da majami'u. Mutane sukan daɗe a layi domin kallo, gama kafin gari ya waye duk aikin ya yanƙwane.

Mai karatu na Sanyinna ko Kebbe ba baƙon wannan sana'a ba ne, domin mu ma muna sassaƙa amfanin gona. Akan fafe duma, a kankare, a shanya, sa'an nan a zafafa wuƙa a wuta a zana ƙwarya. Tamu ma ta fi tasu ƙarko. Ƙwarya mai zane takan yi shekaru a jeren uwargida, in ta tsage a ɗinke ta. Amma roba da kwano suna ƙwace mata kasuwa, masu koyon zanen kuma sai raguwa suke yi.

Mutanen Wahaka sun ba aikin dare ɗaya rana tasa da ladansa, shi ya sa ya haye shekara 120 bai mutu ba. Ina laifin mu ware yini guda bayan kaka, masu zanen ƙwarya su jera aikinsu, a ba gwani kyauta, yara kuma su ga yadda ake riƙe wuƙar?