Kwana Uku Ina Kokawa da Uwar Garke a Shagon Baba

Kwana biyu kun ji ni shiru, to ga dalili.

Waɗanda suka san gidanmu a Kafanchan sun san citta ce sana'armu. Kakanmu ya sauko daga Kano tun jirgin ƙasa na tashe, Baba nan aka haife shi. Da cuta ta cinye gonakin citta a 2023, manoman Kwoi da Kachia da Baba ya ba kuɗi tun kafin shuka suka kasa biya. Bai matsa wa kowa ba, shekara da shekaru ake tare. Amma bashin ya cika littafi uku, kuma damina ta jiƙa ɗaya, wasu sunayen sai ka kanne ido. Ranar na buɗe baki na ce, "Baba, bari in zuba maka su a kwamfuta." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ƙirgo kuɗin kwamfuta ta hannu. A shekarar da babu, ku lura.

Nufina in mai da ita uwar garke, ni da ƙanena mu riƙa duba lissafin ta waya a cikin shago. Apache 2.4 bai ba ni wahala ba, nan da nan ya ce "It works!", har na fara jin kaina injiniya. Da na zo kan PHP 8.2 ne ido ya raina fata.

An ce in nuna wa Apache wani fayil mai suna php8apache2_4.dll. Na kwance kunshin, na duba sama da ƙasa, babu shi. Ashe PHP na Windows iri biyu ne. Thread Safe shi ke shiga cikin Apache kai tsaye, domin Apache a Windows yana karɓar buƙatu da yawa lokaci guda a cikin aiki ɗaya, dole PHP ya iya hana su cakuɗewa. Non Thread Safe kuwa na hanyar FastCGI ne, wancan fayil ba ya cikinsa sam. Ni wanda na fara gani na danna.

Na sake sayen data, na jira wuta, na sauko da Thread Safe. Fayil ya bayyana, amma Apache ya ƙi tashi, wai "not a valid Win32 application". Nan na kwana biyu. Abin kunyar shi ne, da na ga x86 da x64, sai na zaɓi 86 don ya fi yawa! Ashe x86 na 32-bit ne, Apache ɗina kuwa 64-bit. Ga kuma Win32 a sunan dukkansu biyun, wutsiyar sunan kaɗai ke rarrabe su.

Baba bai ce uffan ba, sai dai kullum da safe ya leƙo ya ce, "Injiniya, ya aiki?" Da na yi masa bayani, ya ce, "Wato ka sayo murfin da ba na tukunyar ba." Wallahi ya fi ni fahimta.

Daren na uku na sauko da Thread Safe x64, na gyara layin LoadModule, Apache ya tashi. Yanzu mun shigar da littafi biyu. Jiƙaƙƙen kuwa a hankali muke binsa, duk manomin da ya zo sai Baba ya tambaye shi nawa ya tuna, in rubuta. Littattafan kuma har yau suna ƙarƙashin tabarmarsa, a cikin leda.

Wassalam.