Shiga Gida Ba Sallama

Dare mahutar bawa, in ji masu iya magana. Amma akwai wata al'ada ta 'yan sandan ƙasar Amurka wadda ta daɗe tana hana bayin Allah wannan hutu, har ta zama abin gardama tsakanin alƙalai da 'yan majalisa da talakawa. Al'adar kuwa ita ce, in ana tuhumar mutum da ɓoye kayan laifi, galiban kayan maye, sai 'yan sanda su nemi alƙali ya ba su takardar izinin bincike wadda ta yarje musu su fasa ƙofa su faɗa gida ba tare da sallama ba. Sun fi yin haka da tsakar dare ko da asuba, sa'ad da barci ya yi wa masu gida nauyi.

Asalin dokarsu ba haka ta ke ba. Tun cikin 1604 wata kotu a Ingila ta yanke cewa gidan mutum shi ne ganuwarsa. Ko ma'aikacin Sarki ne ya zo, lalle ya faɗi abin da ya kawo shi, ya nemi a buɗe masa, in an ƙi sa'an nan ya fasa. Amurkawa suka gaji wannan hukunci. Cikin 1791 kuma suka ƙara a tsarin mulkinsu cewa ba za a ba da takardar bincike ba sai da dalili mai ƙarfi wanda aka rantse a kansa.

Cikin 1970, zamanin Shugaba Nixon, majalisar ƙasa ta ba ma'aikatan tarayya ikon shiga ba sallama domin yaƙi da kayan maye. Da aka yi ta faɗa wa gidajen waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, majalisa ta janye ikon cikin 1974. Duk da haka kotuna suka bar kafa. Cikin 1995 Kotun Ƙoli ta ce sallama tana cikin ƙa'idodin bincike, amma akwai lokacin uzuri. Cikin 1997 ta bayyana uzurin, watau in 'yan sanda suna da zato mai dalili cewa sallama za ta jawo musu haɗari, ko ta ba mai gida damar hallaka shaida. Cikin 2003 ta yarda cewa jiran daƙiƙa 15 zuwa 20 bayan ƙwanƙwasawa ya isa a wata shari'ar kayan maye. Cikin 2006 kuma ta ce ko an keta ƙa'idar sallama, abin da aka samo a gidan ba ya ɓaci wajen shari'a. Da haka uzuri ya yi ta faɗi, ƙa'ida tana ƙanƙancewa.

Masu goyon bayan al'adar suna da hujja, ba kuwa daidai ba ne a raina ta. Suna cewa ɗan sanda shi ma ɗan wani ne, yana da iyali da ke jiran komowarsa. In ya tsaya a ƙofa yana shelar sunansa, ya ba mugu lokacin ɗauko bindiga ke nan, ko na zuba kayan maye a masai. In kuwa an riske shi cikin magagin barci, sai a ɗaure shi kafin ya san abin da a ke ciki, ba a zubar da jinin kowa ba.

Masu suka kuma suna cewa wannan lissafi ya manta da abu guda. Amurka ƙasa ce wadda doka ta yarje wa mutum ya ajiye bindiga a gidansa, ta kuma yarje masa ya kare kansa daga wanda ya fasa masa gida. To, wanda ya farka cikin duhu ya ji ana karya masa ƙofa, ta yaya zai rarrabe ɗan sanda da ɗan fashi? Hukuma ɗaya ce ta ba wannan takardar shiga, ta ba wancan ikon harbi, sa'an nan ta haɗa su a bakin ƙofa ɗaya da dare. Jaridar New York Times ta yi ƙidaya, ta iske daga 2010 zuwa 2016 aƙalla farar hula 81 da ma'aikata 13 sun mutu a irin wannan shiga ta fasa ƙofa.

Abin da ya faru a jihar Texas ya nuna yadda al'amarin ya ke rikita har shari'a kanta. Cikin Disamba 2013, da asubahin wata rana, 'yan sanda suka faɗa gidan wani mai suna Henry Magee ba sallama, ya yi harbi, ya kashe Saje Adam Sowders. Masu taimaka wa alƙali suka ƙi yarda a tuhume shi da kisan kai, gama sun ga yana iya yiwuwa ya zaci ɓarayi ne. Bayan wata biyar, cikin Mayu 2014, a garin Killeen, aka yi wa Marvin Guy irin wannan zuwa da asuba, shi ma ya yi harbi, ɗan sanda Charles Dinwiddie ya rasu. Shi kuwa ya shekara tara a tsare yana jiran shari'a, cikin 2023 aka yanke masa ɗaurin rai da rai. Mutane ba su rasa lura da cewa na farko farar fata ne, na biyu baƙi. Ko ma yaya aka auna shari'un nan biyu, gidajen 'yan sanda biyu sun yi makoki a kan aikin da a ke cewa an tsara shi domin kare rayukansu.

Shari'ar da ta fi tada hankalin ƙasar ita ce ta Breonna Taylor, ma'aikaciyar asibiti 'yar shekara 26, a birnin Louisville na jihar Kentucky. Ran 13 ga Maris 2020, bayan sha biyun dare, 'yan sanda suka zo gidanta da takardar shiga ba sallama, suna bin sawun wani tsohon saurayinta da a ke tuhuma da cinikin kayan maye. Sun ce sun ƙwanƙwasa, sun kuma faɗi ko su wane ne. Kenneth Walker, wanda ke tare da ita a ɗaki, ya ce ya ji bugun ƙofa, ya yi ta tambaya, bai ji amsa ba. Da ƙofa ta karye ya harba harsashi ɗaya, ya sami wani saje a cinya. 'Yan sanda suka mayar da harsashi 32. Breonna, wadda ba ta riƙe da kome, ta faɗi a nan ta cika. Ba a sami kayan maye a gidan ba. Garin neman gira aka rasa ido.

Jama'a sun fi kallon wanda ya ja kunamar bindiga, amma mai neman tushen al'amari sai ya koma ofis, wurin da aka rubuta takarda. A cikin bayanin da aka kai wa alƙali an ce ma'aikacin gidan waya ya tabbatar da cewa wanda a ke tuhuma yana karɓar ƙunshin kaya a gidan Breonna. Ashe ba a yi haka ba. Cikin Agusta 2022 wata 'yar sanda, Kelly Goodlett, ta amsa a gaban kotun tarayya cewa da hannunta a shirya wannan ƙarya. Haka kuma aka yi a birnin Atlanta cikin Nuwamba 2006, inda aka karɓi takarda bisa bayanin ƙarya, aka fasa gidan wata tsohuwa, Kathryn Johnston, mai shekara 92. Ta harba harsashi ɗaya bai sami kowa ba, aka mayar mata da 39, ta mutu, sa'an nan aka dasa tabar wiwi a gidanta domin rufe asiri. 'Yan sanda uku suka tafi kurkuku. A wurare biyun nan, layi guda na ƙarya da wani ya rubuta yana zaune lafiya bisa kujera shi ya aika da mutane ɗauke da bindigogi gidan da ba su da dalilin zuwa.

Bayan mutuwar Breonna an yi gyare-gyare. Cikin Yuni 2020 majalisar birnin Louisville ta hana irin wannan takarda, cikin Satumba kuma birnin ya yarda ya biya iyalinta diyyar dala miliyan 12. Jihar Virginia ta hana ta a wannan shekara, Kentucky ta ƙuntata ta cikin 2021. Brett Hankison, wanda ya yi ta harbi ta taga da ƙofar gilashi ba ya ganin abin da ke ciki, kotun tarayya ta same shi da laifi cikin 2024, aka ɗaure shi wata 33 cikin 2025. Amma ko cikin Fabrairu 2022, a birnin Minneapolis, an buɗe wani gida ba sallama gab da ƙarfe bakwai na safe, aka iske Amir Locke, ɗan shekara 22, kwance lulluɓe da bargo. Sunansa ba ya cikin takardar. Ya motsa da bindigarsa a hannu, cikin kamar daƙiƙa goma aka harbe shi. Ba a tuhumi kowa ba, domin an ce ɗan sanda ya ga bindiga, doka kuwa ta ba shi ikon kare kansa.

Babu mai hankalin da zai ce a hana fasa ƙofa inda aka tsare mutum ana shirin kashe shi, gama can rai a ke ƙoƙarin cetowa. Amma inda abin nema ƙullin kayan maye ne, ma'aunin ya karkata ƙwarai. Kayan da aka zuba a masai hasara ce ƙarama, kuma mai cinikinsu gobe ma zai fito kasuwa, ana iya tare shi a hanya da rana tsaka, ko a kewaye gidan a kira shi ya fito. Rai kuwa in ya fita, ba diyyar da ke komo da shi.

Saboda haka nauyi mafi girma yana wuyan mutum biyu waɗanda ba su zuwa bakin ƙofa: mai rubuta bayani, da alƙalin da ke sa hannu. Wajibi ne na farko kada ya rubuta sai abin da ya tabbatar, ya kuma san in ya yi ƙarya kurkuku na jiransa. Wajibi ne na biyu ya karanta a tsanake, ya tambayi wa ke kwana a gidan, akwai yara ko tsofaffi, me kuma ya hana a jira gari ya waye. In waɗannan biyu sun riƙe amanarsu, ɗan sanda zai fi samun komawa gida lafiya, mai gida kuma ya ji sallama kafin a shigo masa.