Yerwa: Wane Ne Baƙo?

Duk wanda ya bi ta Dandal zuwa ƙofar fadar Shehu a Maiduguri, ko ya kutsa Kasuwar Monday da hantsi, zai ji Barbarci da Larabcin Shuwa da Hausa suna cuɗanya. Waɗannan harsuna, da irin tsagen da ke fuskokin masu su, haka suke a hayin Cadi da Kamaru. To, da me ɗan sanda zai gane baƙo? Sau da yawa da zato kurum, ɗan dakon da ba takarda a aljihunsa kuwa shi ke kwana a caji ofis.

Zaton nan ko manya bai ƙyale ba, balle in siyasa ta shigo. Ran 24 ga Janairu, 1980, jami'an shige da fice suka ɗauke Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, ɗan jam'iyyar GNPP, shugaban masu rinjaye na Majalisar Dokokin Jihar Borno, suka tsallaka da shi Cadi, wai ba ɗan Nijeriya ba ne. Shi kam yana da jam'iyya da lauyoyi. Babbar Kotun Maiduguri, a ƙarƙashin Mai Shari'a Oye Adefila, ta tabbatar mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, ta soke korar, ta ce a biya shi diyyar Naira 350,000.